BABI NA UKU: TARIHIN RABON ZANGON REDIYO DA MAGANCE KATSALANDAN A KAN IYAKAR ƘASAR DAURA DA JAMHURIYAR NIJAR

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Daura da hanyoyin da al'ummarta suka riƙa bi wajen isar da saƙo kafin zuwan na'urorin zamani. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin yadda aka riƙa raba zangon rediyo tsakanin masu amfani da shi, da matakan da ma'aikatan sadarwa suka ɗauka domin hana tashoshi shiga aikin junansu. An zaɓi ƙasar Daura ne saboda tana zaune a bakin iyakar ƙasashe biyu, kowace da dokokinta da hukumominta, alhali iskar da ke ɗaukar saƙon ɗaya ce. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, a wuri irin wannan babu ƙasar da ta taɓa iya tsare zangonta ita kaɗai, kuma duk gyaran da aka samu ta hanyar zama da maƙwabci aka same shi.

3.1 Ma'anar Zango da Katsalandan

Duk saƙon da ake aikawa ta iska, ko na gidan rediyo ne, ko na talabijin, ko na wayar salula, ko na oba-obar jami'an tsaro, yana tafiya ne a kan wata igiya da ido ba ya gani. Ana auna wannan igiya da yawan kaɗawar da take yi a daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa dubu a daƙiƙa ita ce kilohaz ɗaya, kaɗawa miliyan kuma megahaz ɗaya. Masu sauraro sun fi sanin abin da sunan "mita", domin gidajen rediyo sun saba cewa ana iya kama su a kan mita 49 ko mita 31. A wannan aiki, kalmar "zango" tana nufin dukkan filin da waɗannan mitoci suke ciki.

Shi wannan fili yana da iyaka. Idan tashoshi biyu suka hau mita ɗaya, ko mitoci masu kusa da juna ƙwarai, kuma muryarsu ta isa wuri guda, to mai sauraro zai ji muryoyi biyu a cakuɗe, ko ƙara, ko kuma mai ƙarfin ta danne mai raunin gaba ɗaya. Wannan shi ake kira katsalandan. Idan ya kai ga hana wata tasha mai izini yin aikinta, ko ya jefa rayuka cikin haɗari kamar a sadarwar jiragen sama, dokokin duniya suna kiransa katsalandan mai cutarwa.

3.2 Matsayin Ƙasar Daura a Bakin Iyaka

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, wato Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu. Daga cikinsu Mai'aduwa da Zango da Baure suna taɓa iyakar Jamhuriyar Nijar, inda suke fuskantar yankin Damagaram, musamman ƙasashen Matamaye da Magarya. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zinder ta ratsa ta Daura ne, ta fita ta Kwangwalam.

Wannan iyaka ba tsohuwa ba ce. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Daura sun kafa mazauni a Zango da Baure, suka kuma daɗe suna hulɗa da Damagaram, kamar yadda M. G. Smith ya yi bayani dalla-dalla a littafinsa na tarihin Daura wanda aka buga a 1978. Turawan Ingila da na Faransa su suka shata layin a yarjejeniyoyin da suka yi a 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 wani kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ya bi ƙasa yana kafa alamomi 148 tun daga kogin Kwara har zuwa tafkin Chadi. Ta haka aka raba jama'a masu harshe ɗaya da dangantakar jini da kasuwanni ɗaya.

Idan aka yi la'akari da yanayin ƙasar, za a ga shimfiɗaɗɗiya ce, babu manyan duwatsu ko wani tsauni da zai tare igiyar rediyo. Saboda haka duk tashar da aka kafa a ɗaya gefen, dole muryarta ta tsallaka ɗaya gefen. Wannan shi ne tushen matsalar da sauran sassan babin za su bi diddiginta.

3.3 Zamanin Mulkin Mallaka

Rediyon farko da ya shigo Nijeriya bai haifar da rikicin zango ba, domin ta waya yake tafiya. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe rediyo mai waya a Ikko, inda ake kamo shirye-shiryen BBC a wuri ɗaya, sannan a rarraba su ta waya zuwa akwatunan da aka kafe a gidaje da dandali. Irin wannan tasha ta isa Kano a 1944. Mai akwatin ba shi da zaɓin tasha, iyakarsa ya kunna ko ya kashe.

Al'amarin ya sauya ne da aka fara watsa shirye-shirye ta iska. An kafa sashen watsa labarai na gwamnatin Nijeriya a 1951, aka mayar da shi hukuma a 1957. A wannan shekara ta 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. A ɗaya gefen kuma aka buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, wanda daga baya, a 1974, aka raɗa masa suna Muryar Sahel. A duk tsawon wannan lokaci, London da Paris ne suke magana da yawun ƙasashen biyu a tarurrukan duniya inda ake raba mitoci. Wato ke nan, mitar da mutumin Zango zai kama tasha a kanta, a Turai ake yanke ta.

3.4 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da Yarjejeniyoyin Janeba

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda aka fi sani da ITU, an kafa ta ne a Paris a 1865 domin daidaita aikin wayar tangaraho. A 1906 aka yi yarjejeniyar farko ta rediyo a Berlin. A taron Atlantic City na 1947 aka kafa kwamitin da ke riƙe da babbar rajistar mitocin duniya. Ƙa'idar ita ce, ƙasar da ta yi wa mita rajista bisa tsari tana da haƙƙin a kare mata ita, kuma sashe na 45 na tsarin mulkin ƙungiyar ya wajabta wa kowace ƙasa ta hana tashoshinta cutar da na wasu. Nijar ta shiga ƙungiyar a 1960, Nijeriya kuma a 1961. A 1961 ɗin ne Nijeriya ta yi dokarta ta wayar iska, wadda ta haramta kafa na'urar watsa saƙo ba tare da lasisi ba.

Shekarun 1960 da 1970 su ne zamanin ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir, wanda ya kai rediyo ƙauyuka da rugage. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Rediyo Kaduna a 1962, ya kuma yi fice a gajeren zango kan kilohaz 6090, wato a mita 49, har ya zama ana sauraronsa a Damagaram da Maraɗi kamar yadda ake sauraronsa a Daura. Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979.

Matsakaicin zango shi ya fi ba injiniyoyi wahala a wancan lokaci. Da rana igiyarsa tana bin ƙasa ne, ba ta yin nisa sosai. Da dare kuwa wani rufi na sararin sama da ke shanye ta da rana yakan gushe, sai ta haura sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomitoci. Wannan ne dalilin da ya sa mai rediyo yakan ji baƙin harsuna suna kutsowa cikin tasharsa bayan isha'i. Domin magance haka aka yi taron ƙasashen Afirka a Janeba a 1966, sannan aka yi babban taro a 1975 wanda ya haɗa Afirka da Turai da Asiya. Tsarin 1975 ya fara aiki ranar 23 ga Nuwamba, 1978. Ya jera matsakaicin zango daga kilohaz 531 zuwa 1602, da tazarar kilohaz 9 tsakanin kowane gurbi da na kusa da shi, wato gurabu 120 ke nan, ya kuma ƙayyade wa kowace tasha wurinta da ƙarfinta. Ana iya ganin sawun wannan tsari a mitocin da mutanen Daura suka saba da su: Kaduna a 594, Kano a 729, sai kuma 972 da aka san gidan rediyon Jihar Katsina a kai bayan ƙirƙiro jihar a 1987. Kowace daga cikin lambobin nan tana rabuwa da 9 ba tare da saura ba.

Shi kuwa gajeren zango, da yake tafiyarsa tana sauyawa da yanayin shekara, ba a raba shi dindindin. Manyan gidajen rediyo suna daidaita jadawalinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Shi ya sa masu sauraro sukan ji sanarwar sauyin mitoci a waɗannan watanni.

Daɗin daɗawa, a 1984 an sake zama a Janeba aka raba zangon FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108. A 2006 kuma aka yi tsarin talabijin na dijital, aka sa ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin ranar da za a daina kare tsofaffin tashoshi a babban ɓangaren zangon. Nijeriya ba ta cika wannan wa'adi ba, sai a 2016 ta fara gwaji a Jos.

3.5 Buɗe Fage ga 'Yan Kasuwa da Kafa Hukumomi

Kafin 1992 gwamnati ce kaɗai ke da gidajen rediyo a Nijeriya, don haka masu neman mita ba su da yawa. A wannan shekara gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 38 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, wato NBC, da doka mai lamba 75 wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC. Raypower ta fara aiki a Ikko a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003. A Nijar ma an fara samun gidajen rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990, irin su Anfani wadda ta buɗe reshe a Zinder, sannan daga 1999 aka shiga kafa ƙananan gidajen rediyon karkara.

Kusan dukkan sababbin tashoshin nan a zangon FM suka sauka. Igiyar FM tana tafiya ne kai-tsaye daga eriya, nisanta ya danganta da tsawon hasumiya da ƙarfin na'ura, ko da yake wani yanayin iska yakan kai ta nesa fiye da yadda aka ƙiyasta. Tsarin 1984 an yi shi ne lokacin da kowace ƙasa ba ta da tashoshi da yawa, saboda haka gurabun suka yi kaɗan. Wannan ya sa ITU da Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka suka sake lissafin tsarin, aikin da aka kammala a 2022, inda aka gano sababbin gurabu fiye da 18,000 domin ƙasashen nahiyar.

Dokar sadarwa ta 2003 ita ta fayyace aikin kowa a Nijeriya. Ta kafa majalisar kula da mitoci ta ƙasa ƙarƙashin ministan sadarwa, wadda ke raba zango a dunƙule. NCC tana ba kamfanonin waya, NBC tana ba gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa kuma tana kula da hukumomin gwamnati. A Nijar an kafa hukumar daidaita ayyuka a 1999, aka sake mata fasali a 2012, sannan a 2018 ta zama ARCEP. A 2002 kuma hukumomin sadarwa na Afirka ta Yamma suka kafa majalisarsu mai suna WATRA. Abin lura a nan shi ne, ikon kowace hukuma yana ƙarewa ne a kan alamomin da aka kafa a 1908. Jami'in NCC yana iya rufe na'urar da ke damun mutane a Mai'aduwa, amma ba shi da ikon taɓa wadda ke Matamaye.

3.6 Zamanin Wayar Salula

A watan Janairu na 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, Glo ya biyo baya a 2003. A Nijar, Celtel ya fara a 2001, Orange kuma a 2008. Kamfanonin ƙasashen biyu duk a kan zangon megahaz 900 da 1800 suka gina ayyukansu, kuma turken GSM ɗaya, bisa tsarin fasahar, yana iya kaiwa kilomita 35 idan babu abin da ya tare shi. Ke nan turken da aka kafa kusa da iyaka yana iya mamaye garuruwa da dama na ɗaya ƙasar.

Wannan ya haifar da matsaloli iri biyu. Ta farko ita ce ta cin karon mitoci, inda kira yakan yanke ko murya ta riƙa sarƙewa. Ta biyu ita ce wayar mutum ta bar layin ƙasarsa ta kama na maƙwabciya yana zaune a gidansa, a caje shi kuɗin wanda ya yi tafiya ƙasar waje. Sai dai kuma ba kowa ne ke ɗaukar wannan tsallake a matsayin cuta ba. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa yana da abokan ciniki a Nijar, saboda haka samun sabis ɗin ƙasashen biyu a wuri ɗaya riba ce a gare shi, kuma riƙe layi biyu abu ne sananne a garuruwan iyaka. Kamfanin Celtel ya gane haka, a 2007 ya shigar da Nijeriya da Nijar cikin tsarinsa na layi ɗaya wanda ya cire kuɗin karɓar kira ga mai tsallaka iyaka.

Fuskar tsaro ta fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga. Ƙasar Daura ba ta cikin wuraren da aka katse, amma darasin ya shafe ta. Rahotanni sun nuna cewa a yankunan iyaka jama'a, har da waɗanda aka yi matakin dominsu, sun koma amfani da layukan Nijar. Umurnin Abuja ya kashe turakun Nijeriya, amma bai hana sabis shigowa daga arewa ba.

Hanyoyin da injiniyoyi ke bi wajen magance irin wannan sanannu ne. Akan raba gurabun mitoci a yankin iyaka, a ba kowace ƙasa waɗanda take da fifiko a kansu. Akan sunkuyar da eriya ko a juya fuskarta zuwa cikin gida, a rage ƙarfin na'ura, a kuma amince da iyakar ƙarfin da siginar wata ƙasa za ta kai a kan layin iyaka. Bayan haka sai a zaga da mota ɗauke da na'urar awo a tabbatar. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da zai yi amfani idan gefe ɗaya kawai ya ɗauke shi, domin wanda ya rage ƙarfinsa shi kaɗai ya bar wa maƙwabcinsa fili ne. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.7 Yarjejeniyar 2023 da Abin da Ya Biyo Baya

Ko da yake ƙasashen biyu sun kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a Yamai tun 1971, sai a farkon 2023 ne suka sa hannu a kan wannan yarjejeniya ta musamman game da mitocin bakin iyaka. An yi haka a Abuja, a gefen wani taron yanki kan tattalin arzikin dijital. Ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, shi ya sa hannu a madadin Nijeriya, takwaransa Moussa Baraze kuma a madadin Nijar, a gaban shugabannin NCC da ARCEP.

Yarjejeniyar ta shafi mitoci daga megahaz 87.5 zuwa gigahaz 30, wato ta haɗa FM da talabijin da wayar salula. Ta tanadi cewa ƙasar da katsalandan ya shafa za ta sanar da ɗayar a rubuce, ita kuma wadda abin ya fito daga wajenta za ta magance shi cikin kwana 30 da samun takardar. An keɓe mitocin tsaron ƙasa daga cikinta. Muhimmancinta shi ne ta ba injiniyoyin ɓangarorin biyu hanyar tuntuɓar juna kai-tsaye tare da wa'adi, maimakon a jira ƙorafi ya je Janeba ya dawo.

Watanni kaɗan bayan haka, ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyakarta, har da ta Kwangwalam, ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Ba a sake buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. A watan Janairu na 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, wadda a ƙarƙashinta ne aka yi ƙa'idar 2017 ta rage kuɗin kira ga matafiya a yankin. A duk tsawon watannin da aka hana mutane da kaya wucewa, tashoshin rediyo da turakun waya sun ci gaba da aika saƙo zuwa kowane gefe. Wannan ya nuna cewa buƙatar daidaita zango ba ta tsayawa ko da gwamnatoci sun ɓata, alhali yarjejeniya irin ta 2023 aikinta ya dogara ne ga musayar takardu da zaman jami'ai, abin da ke yin wuya a lokacin saɓani.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda rabon zango a ƙasar Daura ya bi matakai daban-daban. Da farko Turawan mulkin mallaka ne ke yanke hukunci. Bayan samun 'yanci tsare-tsaren Janeba na 1975 da 1984 suka zama madogara. Daga 1992 hukumomin cikin gida suka karɓi aikin, amma zuwan FM da wayar salula ya nuna iyakar ikonsu, har aka kai ga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a 2023. An kuma ga cewa abin da injiniya ke kira katsalandan, wani lokaci shi ne hanyar da ɗan kasuwa ke samun abokin cinikinsa a Magarya, wani lokacin kuma shi ne ke cinye kuɗin wayar talaka ko ya raunana matakin tsaro. Don haka duk wani gyara da za a yi a wannan iyaka ya kamata ya ware harkar mitoci daga rigingimun siyasa, ya kuma saurari mazauna wurin kafin a rage musu sabis. A babi na gaba za a dubi yadda rediyo da wayar salula suka shafi harshe da hulɗar kasuwanci a garuruwan Mai'aduwa da Zango da Baure.